Tattalin Ruwan Shukar Tukunya a Ƙasar Minjibir

Matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi arewa maso gabas, ya shiga ƙasar Minjibir a tsakiyar watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kai maƙura, gonaki suka zama fili fetal babu abin da ke tsaye a cikinsu sai kuka da ɗorawa da tsamiya, zai iya ɗauka cewa babu sauran ɗanyen ganye a wannan ƙasa in ba a gefen madatsar ruwa ta Wasai ba, inda masu lambu ke aikinsu. Alhali kuwa da za a yi masa izini ya wuce zaure ya shiga cikin gida, a Kunya ne ko Kantama ko cikin garin Minjibir kansa, da ya tarar da wani ƙaramin noma wanda ba a yi masa huɗa, ba a kuma kai amfaninsa rumbu. A bayan ɗaki ga tsohon bokitin fenti da barkono a ciki, a gefen madafa ga fasasshiyar randa da ɗoɗɗoya, ga buhu an cika shi da ƙasa an dasa tumatir, ga dashen mangwaro ko gwaiba a baƙar leda ana renonsa kafin ruwa ya sauka a kai shi gona, can sama kuma ga ƙwarya ko rabin jarka rataye a ragaya, an ɗaga na'a-na'a daga bakin akuya da tonon kaji. Galibi mata ne da yara ke da wannan noma, su ne kuma suka san wahalarsa.

Wahalar kuwa guda ce, ita ce ban-ruwa, domin ruwan nan da guga ake jawo shi, ko a bi layi a famfon tuƙa-tuƙa, ko a saye shi hannun 'yan garuwa, ƙaramar tukunya kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu tana neman a ba ta safe da yamma, har ya zamana ranar da suna ko ta'aziyya ta kai uwargida wani ƙauye ta kwana, sai ta dawo ta tarar abin da ta daɗe tana reno ya bushe ƙamas. Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne, hukuncin yawan ban-ruwa ana yanke shi ne tun ranar da aka zaɓi tukunya, aka haɗa ƙasarta, aka zaɓa mata wurin zama; wanda ya kyautata waɗannan, abin da maƙwabcinsa ke yi sau biyu a wuni shi zai yi shi sau biyu ko uku a mako, kuma kusan duk kayan da yake bukata suna cikin gidansa ko a kasuwar ƙauyensa.

Shukar da ke gona, ko da saman ƙasa ya bushe, tana da inda za ta miƙa saiwa, domin laimar damina takan daɗe a can ƙasa, shi ya sa ake ganin wake yana ci gaba da 'ya'ya makonni bayan ɗaukewar ruwa. Ita kuwa wadda aka tsare a tukunya ba ta da wata taska sai abin da ke tsakanin bangon tukunyar nan, taskar kuma tana da ƙofofi huɗu da ruwa ke fita ta cikinsu. Ta farko ganyen shukar ne kansa, domin Allah ya halicci ganye da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa yake fita tururi ya sanyaya shi. Masana ilmin tsirrai sun tabbatar da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotsa ta wannan hanya yake tafiya. Ta biyu fuskar ƙasar da rana ke duka. Ta uku jikin mazubin, in na yumɓu ne ko kwando ko buhu. Ta huɗu kuwa, wadda aka fi gafala da ita, ita ce ratar da ke buɗewa tsakanin ƙasa da bangon tukunya idan ƙasar ta bushe ta tsuke, har mai ban-ruwa ya zuba, ya ga ruwa ya fito ta gindi nan take, ya tafi yana zaton ya ƙosar da shukarsa, alhali ruwan ta gefe ya zurare bai taɓa saiwa ba. Ƙofa ta farko ba a rufe ta sai dai a sassauta, don shukar da ba ta fitar da ruwa ba ta girma; sauran ukun kuwa hasara ce tsantsa, a kansu aikin yake.

Ɗan lissafi zai nuna girman al'amarin. Ruwan saman shekara a ƙasar Kano galibi tsakanin milimita 600 ne da 1,000, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba, alhali abin da rana da iska ke iya ɗaukewa a shekara ya kai ninki biyu na wannan. Milimita 1 na ruwa a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. To idan muka ƙaddara cewa a ranar bazara, wadda zafinta kan kai digiri 40, ana ɗauke milimita 8, bokiti mai faɗin baki santimita 30 zai rasa fiye da rabin lita a wuni, tun kafin a lissafa rassan da suka wuce bakin bokitin suna shan iska, ƙasar jigawa kuma mai cika bokitin lita 10 abin da za ta ajiye wa saiwa bai fi lita 1 ko 2 ba. Daga nan fa'idar babban mazubi ta bayyana, domin idan aka ninka faɗin tukunya da zurfinta sau 2, bakinta da rana ke duka ya ƙaru sau 4 ne kawai, ƙasar cikinta kuwa sau 8. Barkono huɗu a rabin durom ko babban baho sun fi sauƙin reno nesa ba kusa ba bisa barkono huɗu a gwangwanaye huɗu, kuma mai zurfi ya fi mai faɗi. Gwangwanin madara wurin tsirar da iri ne, ba gidan zama ba.

Sai mas'alar jikin tukunya, wadda ta fi sauran ban sha'awa. Kowa ya san ruwan randa ya fi na jarka sanyi, kuma dalilin shi ne yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba yana barin ruwa ya tsattsafo ta jikinsa, iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafi tare da shi. A kan wannan ɗabi'a ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya gina hikimarsa ta tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, har aka ruwaito cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma sanyin nan da ruwa ake sayensa, yashin Malam Bah Abba sai ana jiƙa shi kullum. Saboda haka tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, tana kuma shanye ruwan shukar ta kowane gefe. Roba ba ta tsattsafo, sai dai baƙar roba da baƙar leda da garwar ƙarfe, idan ranar la'asar ta doke su, zafin ƙasar da ke jikin bango yakan wuce digiri 50, saiwoyin wannan gefe su mutu, shukar ta yi ta yaushi ko da ƙasarta jiƙe take. Maslaha ita ce a haɗa su biyun: a dasa a bokitin roba mai huda a gindi, a zura shi cikin tsohuwar randa ko babban kwando, a cusa busasshen ƙaiƙayi a tsakani, wanda zai tare zafi ba tare da ya ci ruwa ba. Wanda kuma ya riga ya dasa a tukunyar ƙasa, in zai sake ƙasa sai ya shimfiɗa leda a bangonta ta ciki ya bar gindin a buɗe. Mai baƙin bokiti ya shafe shi da farar ƙasa ko ya naɗe shi da buhun algarara.

To, wannan tsattsafo da yake aibi idan yumɓu yana waje ya kewaye ƙasa, shi ne yake zama babbar ni'ima idan aka juya al'amarin, yumɓun ya koma ciki ƙasa ta kewaye shi. A sami ƙaramin tulu ko 'yar tukunya mai tsukakken baki, a binne ta a tsakiyar mazubin har wuya, a cika ta da ruwa, a rufe bakin da murfi ko tsingaro, a dasa shuka kewaye da ita. Ruwan zai riƙa naso ta jikin tulun kai tsaye zuwa inda saiwa take, ba ya hawa sama rana ta ɗauke shi, ba ya zurarewa ta gefe. Abin da ya fi wannan kuma, busasshiyar ƙasa tana jan ruwan da ƙarfi, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta ja sai kaɗan, har ya zamana ranar zafi tulun ya ba da yawa, ranar lumshi ya rage, babu wanda ya umurce shi. Bayan 'yan makonni in aka tona za a tarar saiwoyi sun lulluɓe jikin tulun. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta ta tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, inda ya bayyana yadda ake binne tulu a tsakiyar rami mai taki, a shuka dangin kankana kewaye da shi, a rufe bakinsa. Har yau kuma ana yin ta a sassan Indiya da Pakistan da Iran da Meziko, masu bincike sun ruwaito cewa tana rage rabin ruwa ko fiye bisa ban-ruwa na zubawa a sama.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Ba kowane tulu ke yi ba: wanda aka goge jikinsa ya yi santsi ƙwarai, ko aka shafa masa fenti, ko ya daɗe ana dafa abu mai maiƙo a cikinsa, kafofinsa sun toshe. Kafin a saya, ko kafin a binne, a cika shi da ruwa a ajiye a inuwa. In bayan ɗan lokaci jikinsa ya yi duhu ya yi danshi, ya yi, in ya zauna a bushe sai a bar shi ga shan ruwa, in kuwa ruwa na ɗiga yana taruwa a ƙasa to tsaga gare shi. Wanda ke da maginiyar tukwane kusa da shi ya fi kowa sa'a, don zai iya sa ta gina masa mai dogon wuya daidai da bokitinsa, ta bar jikin da kaushi. Ruwan da za a zuba ya zama garai, in na kududdufi ne a bar shi ya kwanta tukuna. Sabon dashe da irin da aka shuka yanzu, dole a ba su ruwa ta sama mako guda ko biyu, har saiwarsu ta kai ga laimar. Kada kuma a bari tulun ya ƙafe ƙaf, a ƙara masa tun yana rabi. A bokiti mai cin lita 20, tulu mai cin lita 2 yakan ɗauki shuka kwana biyu zuwa huɗu, gwargwadon yawan ganyenta da zafin rana.

Ƙasar da za a zuba ita ce rukuni na gaba, a nan kuwa mutumin Minjibir ba baƙo ba ne. Wannan yanki yana cikin ƙasar da ta kewaye birnin Kano wadda Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda jama'a masu yawa suke noma gona guda kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba, saboda takin dabbobi da na juji da ake ɗorawa jakuna a mangala ana kai mata kowane rani. Abin da taki ke yi wa jigawa a gona, wato ya sa ta riƙe laima, shi yake yi mata a tukunya, har ma bukatar ta fi tsanani. Ibnul Awwam, mutumin Ishbiliya ta Andalus, wanda ya wallafa Kitabul Filaha a ƙarni na 12 na Miladiyya, da babin ƙasa ya fara, ya bi da na taki, sa'an nan na ruwa, kuma ina ganin wannan jeri daidai ne ga mai tukunya. Rairayi tsantsa ba ya riƙe ruwa. Laka tsantsa tana riƙewa amma tana shaƙe saiwa, in ta bushe ta dare ta buɗe ƙofar nan ta huɗu. Haɗin da na fi amincewa da shi shi ne kashi 2 na jigawa, kashi 1 na ƙasar fadama ko ta tsohon shuri da aka dake, kashi 1 na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai har warinsa ya tafi, a ƙara ɗan garin gawayi da aka jiƙa da ruwan taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, toka mai yawa kuma kanwa ce a tukunya. Akwai al'adar jera tsakuwa a gindin mazubi wai don ruwa ya wuce. Gwaji ya nuna ba ta taimaka wa wucewar ruwa, cinye wurin ƙasa kawai take yi, tsingaro guda a kan hudar ya wadatar.

Fuskar ƙasa kuwa rufe ta ake yi. Ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin gero, ɓuntun shinkafa, busasshen ganyen darbejiya, duk suna yi, kaurin yatsu biyu ko uku, a bar ɗan fili kewaye da karan shukar kada ya ruɓe. Harawa ba a maganarta, awaki sun fi tukunya haƙƙi a kanta, dusa kuma tana tsami ta tara ƙwari. Illar waɗannan kayan biyu ce, gara da kaji; maganin gara a ɗora mazubin a kan dutse ko bulo kada ya taɓa ƙasa, maganin kaji da iska kuwa a jera tsingaro a saman rufin, wanda shi kaɗai ma, in babu wani abu, yana hana rana dukan ƙasa.

Wurin zama yana iya raba bukatar ruwa biyu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ranar hantsi ita ke gina shuka, ta azahar zuwa la'asar ita ke ƙona ta a bazara, don haka gindin katangar da ke tare yamma, inda rana ke samu daga fitowarta zuwa kusan tsaka, ya fi ko'ina. A sani dai tumatir da barkono suna son rana kamar sa'a 5 ko 6, in aka kai su duhun inuwa sai su yi tsawo ba 'ya'ya. Wanda ke da gawo kusa da gida ya sami rumfar da ta dace, domin wannan itace yana fitar da ganye da rani, ya zubar da shi da damina, inuwarsa kuma ba ta da nauyi. Daɓen siminti da kusa da kwanon rufi ko langa-langa wurare ne masu mayar da zafi, a guje su. Iska ma ɓarauniyar ruwa ce, musamman ta hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, mutum yana jin sanyi yana zaton shuka ba ta jin ƙishi. Zana ko dangar kara ta gefen arewa maso gabas tana rage wannan. A kuma tara tukwanen wuri guda, manya a waje ƙanana a tsakiya, su yi wa juna inuwa.

Abin da aka rataye a ragaya ya fi kowa shan wahala, gama ƙasarsa kaɗan ce don kada igiya ta tsinke, iska kuma tana dukansa sama da ƙasa da kowane gefe. In kwando ne, wajibi a shimfiɗa masa leda a ciki, hudar kuma kada a yi ta a can gindi, a yi ta a gefe, sama da gindin da kamar yatsu biyu, don ɗan ruwa ya kwanta a ƙasa ya zama ajiya. Haka ake yi wa rabin jarka, wadda ta fi ƙwarya ƙarko tun da ƙwarya ruɓewa take yi. Tulu ba ya shiga nan, amma gorar roba tana shiga: a huda murfinta da allura, a cika ta, a kifa ta cikin ƙasar, ta riƙa ɗiga sannu a hankali. A rataye shi a bakin rumfa ta gabas, a sassauto da igiyar gwargwadon yadda akuya ba za ta kai ba, don can kusa da kwano zafi ya fi. Gaskiyar magana kuma, na'a-na'a da latas ba 'yan ragaya ba ne a bazara, komai dabarar da aka yi; alobera da furannin dangin fasa-ƙaba, masu ajiye ruwa a ganyensu, su suka dace da can.

Akwai wata dabara da ta dace da Minjibir, garin da ya shahara da saƙa tun zamanin kakanni, ita ce ta zaren auduga. A sami tsumman auduga mai kauri ko abawa da aka tufka, a jiƙa, a zura kai ɗaya ta hudar gindin tukunya har tsakiyar ƙasa, ɗaya kan a sake shi cikin ruwan da ke ƙarƙashi, sai ya riƙa jawo ruwa sama kamar yadda lagwani ke jawo kananzir a fitila. Da bokitin fenti biyu ake yin wannan cikin sauƙi, na sama da ƙasa da shuka, na ƙasa da ruwa, a huda na ƙasan a gefe daidai inda gindin na saman ya tsaya don rarar ruwa ta fita. Tazarar da ruwan zai hau kada ta wuce tsawon tafin hannu, auduga kuma tana ruɓewa, a duba ta lokaci lokaci. Gargaɗi guda ya hau kan wannan da tulu da duk wani ruwan ajiya, shi ne a rufe shi ruf, domin sauro a lokacin zafi yana kammala girmansa daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10, babu kuwa hikima a sayi zazzaɓi da kuɗin barkono.

Shi kansa ban-ruwan yana da ladabi. Yayyafi kaɗan kaɗan kullum yana koya wa saiwa zama a sama inda ƙasa ke saurin bushewa. Abin da ya fi shi ne a zuba sannu, a dakata ya nutse, a ƙara, har ya ɗigo ta gindi, sa'an nan a ƙyale. Kafin a sake, a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da sanyin laima a bari sai gobe. Yaushin azahar ba hujja ba ne, ganye yakan sunkuya don tsananin rana ya miƙe da magariba. Yaushin da aka tarar da asuba shi ne na ƙishi. Bayan sallar asuba ya fi kowane lokaci, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Tukunyar da ta riga ta bushe har ƙasa ta rabu da bango, zuba mata ruwa ɓarna ne, a tsoma ta cikin daro rabin sa'a har kumfa ya daina fitowa, a danne gefen ƙasar da yatsa a rufe ratar.

Ruwan kuma ba lalle sai sabo ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan yi alwala da mudu guda, wanda bai kai lita 1 ba, malaman fiƙihu kuma sun ƙidaya ƙaranta ruwa cikin falalolin alwala. To ko da mutanen gida 6 sun tsaya a kan rabin lita rabin lita, salloli 5 sun tara lita 15 a wuni, wanda da za a tare shi a daro maimakon ya bi makwarara, da ya ishi tukwane masu yawa. Duk wanda ya lura da yadda darbejiyar bakin wurin alwala na masallaci ke fin 'yan'uwanta kore ya ga dalili. Ruwan wankin shinkafa da na ganye suna yi. Tsari dai na dabbobi ne. Ruwan omo da na bilic da mai gishiri ko maiƙo ba su yi, don gishirin da ke cikinsu ba shi da inda za shi a tukunya sai ya taru. Haka ruwan Wasai yake bukatar lura, domin madatsar, wadda aka gina a 1976, tana kan kogin Jakara ne, wanda ke ratsa birnin Kano ya kwaso ƙazantarsa, rafin Getsi kuma ya kawo masa ruwan unguwar masana'antu ta Bompai. Ga ganyen da za a ci ɗanye, ruwan rijiya ya fi aminci. Ko da wane ruwa ake amfani, in aka ga farin ɓawo a bakin tukunya ko gefen ganye yana ƙonewa, a yi mata ban-ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke gishirin ya fita ta gindi.

Game da garin nan mai kumbura da ruwa da ake sayarwa, da ɗan'uwansa da wasu ke farkewa daga famfas ɗin jarirai su cuɗa da ƙasa, ba na ba da shawararsa. Gishirin ruwa da na takin zamani suna rage masa ƙarfi ƙwarai, na famfas kuma sinadarin gishiri ne a asalinsa, ruɓaɓɓen taki ya fi shi arha da amfani.

Saura zaɓen abin shukawa, wanda shi ne sassauta ƙofa ta farko. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda ke da tasha a Kano da gonar gwaji a nan Minjibir, masananta ƙarƙashin Dokta B. B. Singh sun wallafa wata hanya a 1999 ta gane waken da ke jure fari: su shuka iri daban daban a akwatin katako mai ƙasa kaɗan, su ba su ruwa har su yi ganye, sa'an nan su yanke ruwan su riƙa ƙidaya wanda ya fara yaushi. Cikin waɗanda suka daɗe da kore har da irin gida, Ɗan Ila da Kanannado, waɗanda suke janye laima daga tsofaffin ganye su kai wa toho. Ke nan a ƙasa guda da ruwa guda, shuka ta fi shuka haƙuri. Zogale da lalle da yakuwa da rama da ƙananan barkono suna jurewa. Latas da kabeji a bar su ga hunturu. Tsinke ganyen zogale da ɗoɗɗoya akai akai, wanda dama miya ke bukata, yana rage bakunan da ke shan ruwa, takin zamani mai yawa kuwa yana ƙara su, a ɗaga masa ƙafa har bazara ta wuce.

Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, hukuncin yakan juya, abin tsoro ya zama yawan ruwa. A lokacin nan a janye tukwane daga ƙarƙashin indararo, a zubar da ruwan bokitin ƙasa, a tsokane hudojin da suka toshe, a rage kaurin rufin ƙasa, a daina cika tulun amma a bar murfinsa a kai. In an cire shukar da ta gama amfani, a tono tulun a kankare saiwoyin da suka manne masa, a goge shi ciki da waje da soso ba sabulu, a sake gwada shi da ruwa a inuwa. Wanda ya daina tsattsafo a kai wa maginiya ta sa shi cikin gashinta na gaba, wuta takan buɗe masa kafofin.